Wasiƙa Ga 'Yata: Ki Nemo Sa'ar Da Tsuntsu Ke Daina Kiwo

Uwata,

  

Takardarki ta iso tare da tarin rubuce-rubucen da kika haɗo, na kuwa karanta su a tsanake. Kin ce malaminki a Jami'ar Abdou Moumouni ya ba ki zaɓi, hankalinki ya kwanta da binciken yadda jikin tsuntsaye da na ƙwari ke jure sauyin zafi da sanyi, amma maganar baffanki ta tsaya miki a rai. A gabana ya faɗe ta: wai mutanen Geskeru na kwana a rumfunan leda a bakin titi, ke kuma za ki kashe shekara biyu kina ƙirga numfashin kurciya. Na zaɓi in amsa miki a jarida domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, ba kuma ke kaɗai ce ɗiyar jihar Diffa da ake kashe wa gwiwa da irin wannan magana ba. Ki yi binciken. Sai dai ina da sharaɗi, zan zo kansa.

Baffanki manomi ne, zancen fara ba baƙo ba ne a kunnensa, don haka da ita zan fara. Bayan annobar farar dango ta 1986 zuwa 1989, wadda aka yi ta yaƙa da guba daga jiragen sama, an kafa wani shiri mai suna LUBILOSA a 1989 don a nemo abin da zai kashe fara ya bar tsuntsu da kifi da dabbar kiwo. Abin da suka samo wata irin fumfuna ce, Metarhizium, mai tsirowa a jikin fara ta cinye ta daga ciki. Irin da aka fi dogara da shi ma a jikin wata fara aka same shi a nan Nijar. Ana kwaɓa ƙurarta da mai a fesa, an kuma sayar da ita da sunan Green Muscle. Manyan gwaje-gwajenta a tsakiyar shekarun 1990, a Maine-Sorowa aka yi su, nan yamma da mu, a kan ƙaramar farar nan mai cin gero, Oedaleus senegalensis.

An ga cewa guba tana zubar da fara nan take, amma ba a jimawa wata ta cika filin. Fumfunar tana da nawa, sai mako biyu ko uku aikinta ke fitowa sosai, amma idan ya fito yana daɗewa. Ni da na yi aikin kare amfanin gona na san abin da manomi ke cewa idan aka kwana uku bai ga gawar fara ba: an sayar masa da ruwa. To me ke kawo wannan nawa? A 1998 Simon Blanford da Matthew Thomas da Jürgen Langewald suka buga abin da suka auna a jikin wannan fara a Nijar. Lafiyayyar fara takan riƙe zafin jikinta a wajen digiri 39. Wadda fumfuna ta kama sai ta kai shi wajen 42. Fara ba ta da wutar cikin jiki irin tamu, saboda haka zazzaɓinta daga rana take aro shi: ta kwanta a kan yashi mai zafi, ta ba rana gefenta, ta ƙi shiga inuwa. Ita kuwa fumfunar ta fi son zafin da bai wuce digiri 30 ba, idan ya haura 35 girmanta sai ya tsaya. Da rana fara ke da galaba, da dare fumfuna ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ranar mutuwar farar tana rataye da yawan sa'o'in zafi da na sanyi a wannan makon. Ma'aikacin da bai san haka ba zai ce maganin jabu ne, ko ya sa a sake feshi a banza. Wannan kuɗi ne, kuma gero ne. Da ma'aunin zafi aka gano shi, ana bin fara ɗaya bayan ɗaya cikin ciyawa, irin aikin da ake yi miki dariya a kansa.

Matan da ke soya fara su kai kasuwa sun riga masana sanin rabin zancen. Da asuba suke fita kamu, musamman da ɗari, don sun san sanyi ya ɗaure mata fiffike. Da tsakar rana kuwa, ki duba ki gani, takan miƙe ƙafafu ta ɗaga cikinta daga yashi, ta juya kanta wajen rana don hasken ya taɓa ɗan kaɗan daga jikinta, in abin ya yi tsanani ta hau karan ciyawa. Duk dabararta a wurin tsayawa take.

Tsuntsu ba haka yake ba. Shi da wutarsa yake yawo, jikinsa yana tsakanin digiri 40 da 42, ya fi namu zafi. Da hunturu abin da sauƙi, sai ya kumbura gashinsa ya tare iska a ciki, ya ƙara cin abinci. Bazara ce matsala. Muddin iska ba ta kai zafin jikinsa ba, zafin yana fita da kansa. Da zarar ta kai, kamar yadda take yi mana kusan kullum cikin Afrilu da Mayu, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ya fitar da ruwa ya bushe ya tafi da zafin, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwanta da ɗan tsattsafin da ke jikinta. Tsuntsu kuwa ba ya gumi. Ƙananan sai haki, baki a buɗe, fikafikai a sake. Balbela da yautai sukan kaɗa fatar maƙogwaro da sauri, abin da bai cin ƙarfi kamar haki. Dangin kurciya sun fi kowa sa'a, don ruwa yana fita ta fatarsu kai tsaye: a gwajin da Andrew McKechnie na Jami'ar Pretoriya da abokan aikinsa suka buga a 2016, iri huɗu na wannan dangi, har da kurciya da bardo, sun jure iska mai zafin digiri 56 zuwa 62. Shamuwa kuma, ki yi haƙuri da zancen, kashi take yi a ƙafafunta don ya bushe ya sanyaya jinin da ke bi ta nan. Farin da kike gani a ƙafarta ke nan.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne abokin gabarmu, jan-baki. Tun shekarun 1960 Peter Ward ya bi rayuwarsa a yankin tafkin Cadi, don a san yadda za a tsare dawa da shinkafa daga gare shi. A 2020 Marc Freeman da abokansa a Afirka ta Kudu suka auna shi a ɗakin gwaji, suka ga yana barin zafin jikinsa ya hau har digiri 48, wani ma ya kai 49.1, ya kuma sauko lafiya. Tsuntsun da bai wuce giram 20 ba! Mutum a digiri 42 sai a fara kiran 'yan uwa. Dabara ce ta tattalin ruwa: idan jikinka ya fi iska zafi, zafin zai fita ba tare da ka biya da ruwa ba. Biyan kuwa mai tsada ne, domin ƙaramin tsuntsu a rana mai tsanani yana iya rasa ruwan da ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a awa guda, idan asarar ta kai wajen kashi 15 ba ya tashi. Ki yi lissafin da kanki, daga azahar zuwa la'asar ne.

Waɗannan lambobi masu daɗin faɗi ne a taro, amma ina roƙonki kada su ɗauke miki hankali. A ganina aikin da ya fi nauyi cikin duk abin da kika aiko shi ne na hamadar Kalahari, inda aka bar ɗakin gwaji aka bi tsuntsaye a dawa. A 2012 Katherine du Plessis da abokanta suka nuna cewa wani tsuntsu mai fari da baƙi, mai kiwo a ƙasa cikin ayari, duk ranar da zafi ya wuce digiri 35.5 ba ya iya mayar da nauyin da ya rasa cikin dare. Yana nan yana tono, amma mai haki ba ya kama ƙwaro da kyau. Babu gawa a ƙasa, babu abin da mai wucewa zai gani, rama ce kawai take taruwa kwana bayan kwana.

Na cilakowa ya fi ban tausayi. Kin san halinsu, irin na namu ne: macen ta shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, namiji ya riƙa kawo mata abinci ita da 'ya'ya. Idan zafi ya sa namijin ya koma inuwa yana haki, gidan duka ya shiga yunwa. An bi wani irinsu mai rawayan baki daga 2008 zuwa 2019, Nicholas Pattinson ya buga sakamakon a 2022: sheƙunan da suka fitar da 'ya'ya sun sauko daga kashi 58 cikin 100 zuwa 17, kuma babu sheƙa ko ɗaya da ta yi nasara a lokacin da matsakaicin zafin rana ya wuce digiri 35.7. Tsuntsun da zai iya tsira da ransa a digiri 45, ashe tun kafin 36 haihuwarsa ta tsaya. Haka iri ke ƙarewa a wuri, ba da faɗuwa daga bishiya ba. Faɗuwar ma takan faru, an gan ta a KwaZulu-Natal a Nuwamban 2020, ranar da tsuntsaye da jemagu suka yi ta zubowa. Amma wannan ita ce ake ɗauka a hoto, waccan ta ɓoye kuwa sai mai haƙuri da sikeli.

Ga sharaɗina. Digiri 35.7 lambar Kalahari ce. A bakin kogin Komadugu, ranar bazarar da zafi ya tsaya a 36 ai hutu muke kiranta, cilakowa kuwa tana nan tare da mu, kurciya tana nan. Ke nan namu suna da tasu iyakar, ko kuma sun karkatar da lokacin haihuwarsu zuwa damina don su kauce mata. A cikin takardun da kika turo babu ɗaya da ta auna wannan a kwarin nan namu. Ina so naki ya zama shi. Ki nemo mini digirin da tsuntsun Geskeru ke daina kiwo, da sa'ar da yake komawa, da nisan da ke tsakaninsa da ruwa. Zafin kuwa ba jiranki yake ba. Kin tuna ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, cikin azumi, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, dare ma ya ƙi sanyi. Tsuntsun da bai huce da dare ba, da bashi yake wayar gari.

Duk dabarun nan da na lissafa, idan kika tone su, abu biyu za ki tarar a ƙasa, ruwa da inuwa. Mu kuwa duka biyun sun taɓu. Komadugu daga kogunan Haɗeja da Jama'are take samun ruwanta, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwanta da tafiyarta ba su koma yadda kakanninki suka san su ba. Wata shekarar ta ci gonaki da gidaje, kamar 2019 da 2022, amma duk da haka da bazara sai ta janye ta bar tafkuna, injinan ban-ruwan tattasai suna zuƙa, dabbobi suna sha, jan-baki da kurciya suna jiran rabonsu. Inuwa kuma, tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a kan Boso da Diffa, mutane fiye da 200,000 da suka bar gidajensu suka nemi mafaka a jihar nan, da yawa suka taru a gefen babbar hanya. Kowa yana bukatar itacen girki da na kafa rumfa. Ba na zargin kowa, mu ma tun 2019 muna cikinsu, tuwon gidanmu da wannan itace ake dafa shi. Amma aduwa da magarya da bagaruwar da suka tafi, da su tsuntsu ke raba tsakar rana, kuma tsakanin ƙarƙashin itace mai duhu da fili akwai digirin da ke raba rai da mutuwa.

Abin bai tsaya a kan namu na gida ba. A Maris da Afrilun 1967 wasu masana uku, Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da John Ash da James Ferguson-Lees, sun zauna a Malam Fatori, kusa da inda kogin nan namu ke shiga tafkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsayen Turai suna aunawa. Sun ga a nan suke tara kitse, da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin tafki, kafin su tsallaka Sahara. Kitsen shi ne guzurinsu na abinci, kuma ƙonewarsa a jiki tana ba su ɗan ruwa. Shekara biyu bayan haka, a 1969, masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Da aka bi sawu, farin da ya fara a Sahel ne ya cinye su. Su a can sun ga alamar a littafinsu tun kafin yunwar 1973 ta iso ƙofarmu, don suna ƙirgawa. Mu da abin ke faruwa a bayan gidanmu ba mu da littafin.

Shamuwa ma an bi ta a nan. Masana daga Danmak tare da abokin aikinsu na Nijar sun buga a 2008 yadda take cin farar gero a kudu maso gabashin ƙasar nan, an kuma ɗaura wa wasu na'ura aka ga bayan damina suna tafiya har gabashi da kudancin Afirka. Ma'aikaciyar kare amfanin gona ce da ba ta karɓar albashi. Ki lura da wani abu: 1967, 1998, 2008, duk waɗanda suka jagoranci aikin baƙi ne, Allah ya saka musu. Yanzu hanyar ta rufe musu. Idan ɗan ƙasa bai auna ba, shafin zai zauna fari.

A ɓangaren ƙwari, akwai masu kauce wa bazara gaba ɗaya. Ƙwan farar gero yana kwance cikin ƙasa wata bakwai ko takwas yana jiran ruwan fari. A ƙauyen Thierola na Mali, ayarin Tovi Lehmann sun shafa wa sauro alama a ƙarshen damina, suka sake kama mace ɗaya da alamarta bayan wata bakwai, sauron da aka san ransa bai wuce 'yan makonni ba. Sun buga wannan a 2010, kuma duk mai son sanin inda zazzaɓin cizon sauro ke ɓuya da rani daga nan zai fara. Sarkinsu duka yana cikin kwarmin duwatsun Arewacin Najeriya: tsutsar wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, Polypedilum vanderplanki, wanda H. E. Hinton na Jami'ar Bristol ya bayyana a 1951. Idan kwarmin ya ƙafe, sai ta cika jikinta da wani irin sukari, tarehalos, ta bushe ƙayau har ruwan jikinta ya koma wajen kashi 3 cikin 100. A haka Hinton ya gwada ta daga digiri 270 ƙasa da sifiri zuwa 102, ta rayu. A ɗiga mata ruwa, cikin awa guda tana motsi. Masanan Japan sun shekara da shekaru a kanta. Ikon Allah ke nan, a ƙasar Hausa, yara suna taka ta suna wucewa.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ƙwari sun gagari zafi. Tururuwar Sahara mai launin azurfa, wadda Rüdiger Wehner ya yi rayuwarsa yana bi, tana fita da tsakar rana na 'yan mintoci, jikinta yana dab da digiri 53 da ke kashe ta. Gwana ce a bakin rami, ƙarin digiri biyu ya ishe ta. A 2008 Curtis Deutsch da abokansa suka nuna cewa ƙwarin ƙasashen zafi sun fi na ƙasashen sanyi zama cikin haɗari, don tun asali kusa da iyakarsu suke rayuwa. A 2018 kuma aka gwada ƙwaron gari a Ingila, aka ga kwanaki kaɗan na tsananin zafi sun rage haihuwar mazan da rabi, zagaye na biyu ya kusa kashe ta ɗungum. Labarin cilakowa ne ya sake dawowa a jikin ƙwaro. Idan na gari ne ko na wake, ba mai yi masa kuka, shi ya sa ma ake shanya wake a rana kafin a zuba a buhu. Amma ƙudan zuma fa? Dole ne su riƙe ɗakin 'ya'yansu a digiri 34 zuwa 36, da fifita da fikafikai da ruwan da suke ɗebowa su shafa a saƙa. Cincirindon da suke yi a bakin rijiya da bazara, aikin ke nan. Ranar da ruwa ya yi musu nisa, mai kankana da mai kabewa za su ji a jikinsu.

Yanzu shawarar uba. Bakin kogi a Geskeru ba wurin da za ki je da littafi da madubin hangen nesa ba ne a halin da ake ciki, ban yarda ba, mahaifiyarki ma ba za ta yarda ba. Ki fara da cikin Diffa: lambunan bakin gari, dogon yaron da ke cikin makarantu, gindin famfo, gidajen da ke ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko. Ki nemi izinin hukuma tun da wuri, ki kuma haɗa kai da Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 da niyyar ta duƙufa a kan muhalli da noma. Idan kina son ƙwarewa a kamu da sa zobe, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos. Ki zauna da tsofaffin masunta da makiyaya da masu tsaron shinkafa, ki tambaye su wane tsuntsu suka daina gani, tun yaushe, ki rubuta sunan da Kanuri da Fulfulde da Hausa yadda suka faɗe shi. Kada ki raina ƙaramin kaya. Ma'aunin zafi a rana, wani a inuwa, sikeli, agogo, da zama wuri ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, da su aka yi yawancin aikin Kalahari.

Idan kin gama, malamanki za su karɓi nasu da Faransanci. Namu ki kawo mana shi da Hausa da Kanuri, a gidan rediyo, ki gaya wa mai lambu wace bishiya ce bai kamata ya sare ba, ki gaya wa ma'aikacin gona a wane irin yanayi feshinsa zai ci.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce garin tattasai yana hanya. Ƙannenki ma suna gaisuwa. Ki shirya zuwanki ya faɗo a farkon Afrilu, kafin tafkunan bakin gari su ƙafe, ki kuma zo da ma'aunan zafi fiye da ɗaya, don a kasuwar nan ba a samun irin da kike bukata. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Wassalam,
Mahaifinki,
mutumin Geskeru, mazaunin Diffa